Karatun Malam da Na Je Nema a Ɗanbatta

Ana sallame sallar asuba muka bar Rijiyar Zaki, ni da abokin aikina. Wata Islamiyya muka nufa, a wani ƙauye gaba da Ɗanbatta. Ni na haɗa musu babbar kwamfuta mai ɗauke da ƙananan kwamfutoci uku a cikinta, irin waɗanda ba ka ganin jikinsu sai aikinsu. Duk abin da suke adanawa yana cikin wani akwatin ajiya daban, waya ce ta haɗa su. A akwatin nan tafsirin marigayi Malam yake, wanda ya kafa makarantar. Daga kaset aka kwashe shi, kaset ɗin kuwa tuni suka lalace.

Makon jiya na sabunta manhajar daga gida, ina kishingiɗe ina shan shayi. Tun daga nan ƙananan kwamfutocin suka daina ganin akwatin. Da na kira shugaban makarantar, babban ɗan Malam, sai ya ce, "Da sauƙi, Injiniya, kada ka takura kanka." Ni kuwa da son jiki na karɓa hannu bibbiyu, na ɗaga tafiyar.

A Bacirawa muka sami mota. Kuɗin ya ƙaru, wurin zaman ya ragu: mu huɗu a baya, ga buhun taki ya danne mini ƙafa. Abokina ya sayi ƙosai, wai na hanya, amma kafin motar ta cika ya ga bayansa. Da muka fita gari sai gonaki, ƙauye na bin ƙauye, an girbe gero, mata na tsinkar gyaɗa a inuwa. Daga Ɗanbatta muka hau babur.

Ba a bar mu mun taɓa komai ba sai da muka sha fura da nono. Shugaban ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, bai ce uffan kan akwati ba.

Na duba wayar da ta haɗa su da akwatin, lafiyarta lau. Na duba babbar kwamfutar, nan take na ga ciwon: sabuwar manhaja ta canja sunan da take gabatar da kanta da shi, akwatin kuma bai san wannan baƙo ba, ya ƙi buɗe ƙofa. Gyaran da bai kai shan kofin shayi ba! Sai dai da na juya kan akwatin, na tarar duk saitin da na yi masa babu. Na sake saitawa, suka ga juna, na buɗe. Wayam.

Shugaban ya sunkuyar da kai. "Injiniya, mun ji nauyin kiranka, tunda aikin Allah kake mana ba ka karɓar komai. Sai muka ɗauko mai gyaran waya daga kasuwa. Ya ce filashin za a yi masa."

Ban ga laifin mai gyara ba. Haka ake yi wa waya in ta rikice, a wanke ta tas ta dawo sabuwa. Haushin kaina na ji, har na kasa haɗa ido da kowa.

Muna shirin tafiya aka ce Hajiya, matar marigayi, na son mu gaisa. Daga bayan labule ta sa mini albarka, sannan ta miƙo wayarta. "Ɗan nan, tunda ka gyara, zuba mini karatun Malam. Na kwana biyu ban ji muryarsa ba." Na dubi ɗanta, shi ma ni yake duba. Na ce sai na tafi da akwatin Kano tukuna.

Da la'asar muka juyo, akwatin a cinyata, an cika mana leda da gyaɗa.

Tafiyar ta koya mini cewa wanda kake yi wa aiki kyauta ba zai faɗa maka girman ɓarna a waya ba, sai ka taka ka gani. Kuma abin da babu irinsa ba a ajiye shi wuri ɗaya. Na yi iya ƙoƙarina kan akwatin. Guntu ɗaya kawai na ceto: Malam ya gyara murya, ya yi bisimilla, ya ce yara su matso gaba. Shi zan kai wa Hajiya ranar Juma'a.