Shayi a Gindin Hasumiyar Agadas

Tun ina koyon ɗinki a Bukuru nake ganin hoton hasumiyar masallacin Agadas a kalandar shagon maigidana. Doguwa ce ta jar ƙasa, itatuwa sun fito ta ko'ina a jikinta. Shi ya sa da yayana, wanda direban babbar mota ne, ya ce zai kai dankali can, na rufe shagona na bi shi. Har muka wuce Damagaram ina ta shafa aljihu don in ji ko katin shaidata na nan.

Garin ya fi yadda na zata. Lunguna ne ƙanana tsakanin gidajen ƙasa, ga raƙuma a kasuwa, ga maƙeran azurfa zaune a ƙasa suna aiki. Maza sun rufe baki da rawani, sai ido kawai, amma Hausa suke yi, har na rasa wanda zan fara gaisarwa. Da asuba motarmu za ta juyo, don haka yammacin nan kaɗai gare ni in hau hasumiyar.

Makullin yana hannun wani dattijo Ba'abzine. Muka same shi da mutanensa a kan tabarma, ya ɗora ƙaramar butar shayi a kan gawayi. Ya ce mu zauna. Ya yi ta ɗaga butar sama yana tsiyaya har kumfa ta taru, sannan ya miƙo mini ɗan kofin gilashi, ni baƙo.

Ɗaci ne da shi, ga zafi. Na riƙe shi da hannu biyu ina kurɓa a hankali, yadda muke yi a teburin mai shayi a Jos. Sai na ga hira ta tsaya, kowa yana kallona. Na duba ko da hagu na karɓa. Na duba ko takalmina ya taɓa tabarma.

Yayana ya zungure ni. "Kai, gado aka bar maka kofin nan? Biyu ne kacal, jama'a na jira."

Na ɗaga na shanye, harshena ya ƙone. Na mayar da kofin, na miƙe na ce, "Baba, na gode. Ko za mu hau yanzu?"

Yayana ya jawo bakin rigata har na koma zaune. Ya ce a hankali, "Ba a tashi sai an sha na uku. So kake ka wulaƙanta shi a gaban mutanensa?"

Na ba da haƙuri, na sake bayarwa. Dattijon ya yi dariya a cikin rawaninsa. "Ɗan Jos, hasumiyar nan ta girmi kakan kakanka, har yau ba ta je ko'ina ba."

Ita ba za ta je ba, amma rana tana tafiya, kuma an ce in magariba ta yi ba mai hawa. Ina kallon inuwa tana cin bango, shi kuwa yana fifita gawayi ba gaggawa. Na biyu ya zo da sukari, na shanye na miƙa wa na kusa da ni. Na uku kamar zuma. Sai da aka ɗauraye kofunan sannan ya laluba aljihu ya ciro makullin ya miƙe.

Matakalar ciki duhu ce, tana ƙara matsewa, har kafaɗuna na gogar bango. Jemagu na shafar hulata. Yayana ya kai rabi ya ce shi tumbinsa ya ƙi, ya koma.

Da na leƙo sama, iska ta buge ni. Ga garin gaba ɗaya a ƙasa, ja wur, rufin soro bayan rufin soro, mata na kwashe shanya, can nesa duwatsu, bayan su kuma ba komai sai sarari. Ban iya tsayawa ba saboda tsoron tsayin wurin. A durƙushe na yi kallon, na rungume bango, ina dariya ni kaɗai, har ladan ya yi gyaran murya a lasifika.