Layin da Yaya Habibu Ya Tsara

Shekara huɗu ke nan da rasuwar yayana Habibu, kuma ba zan ɓata muku lokaci da cewa mutumin kirki ne ba. Kowa ana faɗa masa haka in ya kwanta dama.

Habibu mai gyaran waya ne a Kasuwar Kilomita Biyar. Shi ya kafa rauta, akwatin nan mai raba intanet, a gidanmu na unguwar Yakité, gida da maƙwabta da shagon Kawu Isiyaku duk muna sha daga wuri ɗaya. Rezo, wato sabis ɗin waya da intanet, a Bangui kun san halinsa. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, kowa ya ɗauki waya yana neman 'yan uwansa da rikici ya watsa Chadi da Kamaru, sai hanya ta cushe. Habibu ya tsara wa akwatin layi: murya ce gaba, saƙo na biye, bidiyo a ƙarshe. Kowace waya da rabonta, ba mai shanye na wani. Ni kaina na sha yi masa tsiya in fim ɗina ya tsaya cak. Sai ya ce, "Ke Balki, fim ɗinki zai jira ki. Tsohuwar da ke kiran ɗanta ba ta da tabbacin wata Juma'ar."

Bayan rasuwarsa Kawu ya ɗauke akwatin ya kai shagonsa, wai ya fi tsaro. Kowa ya samu rana sai ya yi shanya. Ya sa aka rushe layin, kyamarorin da ke gadin buhunan shinkafarsa suka hau gaba, 'ya'yansa na kallon ƙwallo suka biyo. Mu sai abin da ya zubo.

Bara Inna Hajara, ƙanwar mahaifiyarmu da ke Chadi, ta kwanta ciwon ajali. Ran Juma'a ta kira. Mama ta manna waya a kunne tana "Hajara? Hajara, ƙara faɗa!" Murya na zuwa gutsure-gutsure. Na ruga shago na ce, "Kawu, don Allah a kashe kyamarar nan, Mama na sallama da 'yar uwarta." Ya ce in ɓarawo ya shigo ni zan tsaya masa? Kafin in dawo kiran ya yanke. Wadda ke jinyarta ce ta gaya mana daga baya cewa yafiya Inna ke nema.

Da Habibu zai leƙo yau, na san ba zai yi faɗa ba, zai zauna ya gyara ne. Ni ba shi ba ce. Har yau ban gaida Kawu da daɗin rai ba, masu cewa in yi haƙuri su ci gaba da cewa.

Me ya rage na yayana? Shagonsa ya zama na sayar da takalma, tsarinsa an goge. Abin da ya bar min ciwo ne: na taɓa ganin an raba abu kaɗan bisa adalci, don haka ba mai iya ruɗa ni da cewa laifin rezo ne. Allah Ya jiƙanka, Yaya. Mama kuwa duk bayan sallah sai ta ce ta yafe wa Hajara, da ƙarfi, ko za a ji.