Ta Dama

Ranar Talata, 14 ga watan Mayu, da ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, Allah Ya karɓi ran kawuna, mai gyaran kyamara. Yana zaune a kan kujerarsa ta aiki, tabarau na goshinsa. Maƙwabcinsa tela ne ya fara lura. Ya ce ya yi masa sallama sau biyu bai amsa ba. Likita ya ce zuciya ce. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kawu, yau kwana biyar, ban yi kuka ba. Ina rubuta abin da na tabbatar ne kawai.

Shekara talatin da ɗaya ka yi a wannan ɗakin aikin naka. Kai ka koya mini cewa ba a zaɓen kyamara da ido. Duk wanda ya zo neman shawara, sai ka rufe sunan kamfanin da ɗan salatif, ka ajiye kyamarori biyu a tebur, ka ce ya rufe ido ya ɗauka. A wurinka ba su da suna, daga ta hagu sai ta dama. Kana buɗe murfin batir sau goma kana sauraro. Kana murza maɓalli da babban yatsa, ka ji ko yana wasa.

Da na gama jami'a na samu aikin ɗaukar hoto, wani mai shago ya ba ni aron ƙananan kyamarori biyu marasa madubi a ciki, irin na masu farawa, in zaɓi ɗaya in mayar da ɗaya. Na zo maka da su da takarda cike da lambobi. Ɗaya jikinta ƙarfe ne, giram 412, mariƙinta siriri. Ɗayar roba ce, giram 365, mariƙinta mai kauri, amma murfin batirinta na ɗan motsi.

Ka dubi takardar ka ce, “'Yar sikeli, da giram ɗin za ki ɗauki hoton ko da hannu?”

Na ce ina tsoron in yi kuskure ne.

Ka ce, “Kawo hannunki.” Ka auna tafin hannuna da naka, ka ce in bar su in dawo ranar Laraba.

Bayan an kai ka, matarka Inna ta kwashe kayan teburin ta zuba a kwali don masu gaisuwa su samu wurin zama. Ba ta yi laifi ba, ba ta san akwai hagu da dama ba. A ƙarƙashinsu ta samu takardata. A bayanta ka rubuta da fensir: “Ta dama. Hannunta ƙarami ne.”

Na tambayi Inna wacce ce a dama. Ta ce, “'Yar nan, ni duk baƙaƙe na gani.” Tela ma bai lura ba.

Gobe zan mayar da ɗaya. Jiya na zauna a kujerarka, na rufe ido na ɗauke su bi da bi har sau bakwai. Ta robar ce yatsana ke samun maɓallinta ba lalube. Ita zan riƙe. Salatif ɗinka na nan a kanta, ban cire ba.

Allah Ya jiƙanka, Kawu, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka. Allah Ya ba Inna da 'ya'yanka huɗu da mahaifiyata haƙurin rashinka.

Ga abin da ban sani ba. Ban san wacce ka ajiye a dama ba. Ban san ko damarka kake nufi ko damar wanda ke tsaye a gabanka ba. Ban san ƙarfe nawa ka yi rubutun ba. Ban kuma san hannun wa ka ce ƙarami ne ba, na kyamarar ko nawa.