Tafiyar Agadas da Aka Yi Ba Ni

A shekarun saba'in ina koyar da labarin ƙasa a wata firamare a Unguwar Kanawa, muna haya ɗaki ɗaya da wani abokina, akawu a ma'aikatar gwamnati. Ni ne mai zancen hamada. Ban taɓa wuce Kano ba, amma nakan ba yara labarinta kamar a can aka yanke mini cibi. Shi kuwa in ba ƙwallo da rediyo ba, babu abin da ya dame shi.

Ana dab da dogon hutu, yayansa, wani babban ma'aikaci a Unguwar Dosa, ya sayi sabuwar mota mai dogon baya. Ya ce zai kai iyalinsa yawon buɗe ido, su bi ta Kano da Damagaram har Agadas, su shiga dajin namun dawa da ke bayanta. Yana son mai karɓarsa tuƙi, sai ya ɗauki ƙanensa. Abokina ya roƙa mini wuri, aka ce in shirya. Har rawani na saya. Ranar tafiya muka je da safe, na tarar an cika bayan motar da jarkokin mai da na ruwa da tayoyin ko-ta-kwana, babu inda zan zauna. Yayan ya dafa kafaɗata.

"Malam, ka yi haƙuri, ka dai ga yadda abin ya kasance."

Na ce ba komai. Har na taya su ɗaure kaya.

Hutun nan a ɗaki na yi shi, ruwan sama na ta dukan kwano. In na dubi gadon abokina, sai in kau da kai. Wata rana har na ji ina fatan injin ya ba su matsala su juyo daga Damagaram.

Abokina ya dawo ya yi baƙi ƙirin, ya rame. Na zaunar da shi ina ta tambaya, ya ce zafi ne kawai da facin taya, ya juya ya kunna rediyo. Haushi ya kama ni. An ɗauki mutumin da bai san abin da ya gani ba, an bar ni.

Da aka koma makaranta, hedimasta ya ji labari, ya ce in kawo abokin nawa ya yi wa ajina bayani. Na kawo shi ina jiran ya ji kunya. Sai ga shi ya buɗe baki. Ya ba su labarin jiminar da ta yi tsere da motarsu, da tudun yashi mai sauya launi in rana ta yi sanyi, da zanen raƙuman dawa a jikin duwatsu, da Buzayen da suka dafa musu shayi a bakin rijiya. Yaran suka yi tsit. Ni ina bayan aji a tsaye, alli na murƙushewa a hannuna.

A hanyar gida na tambaye shi me ya sa bai taɓa gaya mini wannan ba.

"Na ga fuskarka ranar da muka tashi," in ji shi. "Ban so in ƙara maka."

Tausayin nasa ma ciwo ya yi mini. Zangon nan duka yara suka riƙa tambayata yaushe baƙon zai dawo, ni kuma ina ce musu aiki ya yi masa yawa.