Kawu Nery, Mai Lamba Biyu a Tres Hornos

Kawuna Nery Techera ya yi shekara saba'in da ɗaya yana jiran mutum guda ya mutu, kuma duk unguwarmu ta san da haka, har shi wanda ake jiran. Ina rubuta wannan ne saboda jarida ta ba abin da aka yi wa kulob ɗinmu layi huɗu kacal, ko sunan Kawu babu a ciki.

Ni ce Zulma, 'yar ƙanwarsa. Shekara ashirin da shida ina soya torta frita, fanken nan namu, a bayan ragar gabas ta filin Tres Hornos, don haka abin da zan faɗa ba labarinsa aka ba ni ba.

A kulob irin namu, girman mutum lambar katinsa ce. Ranar da aka rubuta ka a littafin mambobi ake ba ka lamba. Duk bayan shekara biyar sakatare zai zauna ya soke waɗanda suka mutu da waɗanda suka daina biya, kowa ya matsa gaba. Mai lamba ɗaya shi ke riƙe tuta ya shiga gaban 'yan wasa a wasan farko na shekara, kuma yana da kujerar katako daidai layin tsakiya, an rubuta 1 a bayanta da farin fenti. Idan ya mutu ba a jiran shekara biyar, a makon nan ake sabunta wa na bayansa kati.

Wata Lahadi a 1952 kakana ya riƙo hannun Kawu, yana ɗan shekara bakwai, ya kawo shi a rubuta shi. A bakin ƙofa ya tsaya kunna taba, sai abokin aikinsa a murhun gasa bulo ya wuce shi da nasa ɗan, Anselmo Curbelo. Anselmo ya samu 611, Kawu ya samu 612. Kara ɗaya na taba. Har kakana ya koma ga Allah Kawu bai yafe masa ba.

Tun yana sha huɗu yake ɗibar bulo daga murhu, tafin hannunsa har yau kamar bayan itace. Ya auri Ofelia, ba su samu haihuwa ba, ta riga shi tafiya. Shekarar da aka rufe murhun ya zauna babu aiki, ya sayar da kekensa don kada katinsa ya mutu, saboda wanda ya yi wata uku bai biya ba ƙarshen layi ake mayar da shi. Ya riƙa tafiya da ƙafa yana gyaran rufin mutane. Katin na kwali ne, yana cikin leda a aljihun rigarsa na hagu, da hotonsa tun yana da gashi.

Haka suka riƙa matsawa tare. Ɗari uku da wani abu, tamanin, sha biyu, huɗu. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce Anselmo ya hau kujerar katako, Kawu ya zauna a kan dakalin siminti a bayansa. Kowace Lahadi gaisuwarsu ke nan, ina ji daga wurin kaskona:

"Har yanzu kana numfashi, Anselmo?"

"Ina yi, Na-biyu. Likita ya ce zuciyata ta ɗan shekara talatin ce."

"Likitan haƙori ne ya gaya maka?"

"Zauna dai a bayana ka kare mini iska. Amfaninka ke nan."

Sannan su sha mate, shayinmu na ganye mai ɗaci, a ƙwarya guda, wannan ya tsotsa ya miƙa wa wannan, su haɗu su zagi alƙalin wasa. Ranar da Anselmo bai zo ba, Kawu ba ya ganin ko ƙwallon, sai waige-waige yake yi wajen ƙofa.

Kulob ɗinmu bai taɓa yin arziki ba. Rukuni na biyu muke, wani lokaci na uku. Amma bara abin ya wuce yadda muka saba. 'Yan wasa suka yi wata biyar babu albashi. Golanmu na gan shi da idona a kan babur yana raba abinci gida-gida. Aka yanke ruwan filin, ciyawa ta ƙone, yara suka riƙa wanka da bokiti bayan wasa. Hukumar ƙwallo ta aiko da takarda cewa idan ba a gyara ba kafin Fabrairu, ba za mu buga gasar bana ba.

Sai ga wani Brizuela, wakilin wani kamfani da har yau ban san wa ke da shi ba. Saurayi ne mai farin takalmi, bakinsa kamar an shafa zuma. Ya sayi fankena ya ce irin na kakarsa ne. Ya ce kamfanin zai ɗauke nauyin komai, kuma suna da launin riga da fili duk suna nan yadda suke. Aka kira taron mambobi ranar Asabar da yamma a zauren kulob.

A nan ne al'adarmu ta kashe mu. Idan an gama taro, masu lamba mafi ƙanƙanta guda biyu da ke wurin su ke sa hannu a takardar, a madadin kowa. Girmamawa ce. Babu wanda ya taɓa karanta abin da yake sa wa hannu, don karantawa tamkar ka ce sakatare ɓarawo ne. Shekara goma sha ɗaya Anselmo na sa hannu a sama, Kawu a ƙasa. A wannan Asabar Anselmo na asibiti da ciwon huhu.

Aka ɗaga hannu. Ni ma na ɗaga, ba zan yi muku ƙarya ba. Duk zauren mutum tara ne suka ƙi. Sai sakatarenmu Heber ya miƙe ya ce, "Mai lamba mafi ƙanƙanta a ɗakin nan, Don Nery Techera, ya zo ya fara."

A wurinmu Don laƙabi ne na girmama dattijo. Na ga yadda Kawu ya tashi. Ya gyara wuyan rigarsa, ya taka a hankali, mutane suna tafi. Takardar shafi arba'in ce. Brizuela da kansa ya buɗe masa shafin ƙarshe ya miƙa masa biro. Kawu ya rubuta sunansa a layin sama, karo na farko a rayuwarsa. Da ya dawo ya zauna ya raɗa mini, "Kin ga yadda layin saman nan yake da faɗi?"

Washegari na raka shi asibiti, don ba zai iya haƙura ba.

"Jiya na ɗana kujerarka, Anselmo. Ta yi mini daidai."

Anselmo ya janye abin numfashin daga hancinsa. "Ka karanta abin da ka sa wa hannu?"

"Kai ka taɓa karantawa?"

"Ni na ɗaya ne, ba sai na karanta ba. Kai ne ya kamata ka yi karatu, tunda ba ka da wani aiki."

Suka yi dariya har Anselmo ya sarƙe da tari, ma'aikaciyar jinya ta kore mu.

Anselmo ya rasu ranar sha tara ga Janairu. Kawu ne ya riƙe gaban akwatin gawar. Bai yi kuka a makabarta ba, amma kwana huɗu duk abincin da na kai masa haka nake dawowa in ɗauke shi. A rana ta biyar ya aske gemunsa, ya sa kwat ɗin aurensa, ya ce in raka shi ofis.

Ofishin ma na kasa gane shi. An cire hotunan bango, an yi farin fenti, teburin Heber babu shi, shi ma Heber babu shi. Wata yarinya ce zaune gaban kwamfuta. Kawu ya zaro katinsa daga leda ya ajiye mata.

"Na zo a sabunta mini, 'yata. Don Anselmo ya rasu."

"Allah ya jiƙansa, Baba. Wane ne shi?"

Kawu ya yi mata bayani a hankali, kamar mai koya wa yaro hanya. Ta saurare shi da ladabi, ba zan zalunce ta ba, sannan ta ce ai yanzu babu mambobi, akwai masu tikitin shekara ne. An rufe littafin tun talatin da ɗaya ga Disamba. Idan yana so ya ba ta lambar wayarsa ta yi masa rajista, har akwai ragi ga tsofaffi. Ta danna ta danna, ta ce lambarsa za ta zama 4417.

"Wa ya rufe littafin?" in ji Kawu.

"Ku ne, Baba. A taro."

Ta ciro takardar ta buɗe shafi na talatin da ɗaya, ta nuna mana da farce. Ga shi nan a rubuce, layi biyu. Ta sake buɗe shafin ƙarshe. Kawu ya tsaya yana kallon sunansa a layin sama. Kwana goma sha tara ne tsakanin rufe littafin da mutuwar Anselmo.

Ni kam ban yi shiru ba. Na ce a kira mini Brizuela, aka ce yana tafiya. Na ce ina littafin, aka ce yana sito. Na ce ina kujerar katako, yarinyar ta ce ba ta san da wata kujera ba. Daga baya na sami kujerar a bayan ɗakin canza kaya, masu fenti sun ɗora mata bokiti. Da na fita ban zarce gida ba, gidan rediyon unguwa na nufa, na faɗi abin da ke raina har mai shirin ya rage mini murya.

Bayan kwana biyu Brizuela ya bugo mini waya da kansa. Ya ce shi mai girmama tarihi ne, kuskure aka yi, a kawo Don Nery ranar Juma'a za a ba shi katinsa mai lamba ɗaya. Na yi murna, wauta ta ke nan. Na ruga na gaya wa Kawu. Ya sake goge kwat ɗin.

Ranar Juma'a muka tarar da mai ɗaukar hoto da wani allo mai sunan kamfanin da ke tallar caca a gaban sabuwar riga. Brizuela ya rungume Kawu yana kiransa kakan kulob. Yarinyar ta jawo wata 'yar na'ura kamar ta gasa burodi, ta saka farin katin roba.

"Wace lamba za a sa, Baba? Ɗaya ko?"

Kawu ya dube ta. "Tambayata kike?"

"Eh, duk wadda kake so. Ni nake rubutawa. Jiya ma na yi wa ɗan wani mai lamba goma, don yana son goma."

"In wani ya zo gobe ya ce ɗaya yake so fa?"

Brizuela ya yi saurin cewa, "Haba Don Nery, ai ba za a yi haka ba. Naka na musamman ne, har da launin zinariya."

"Ba kai na tambaya ba, yaro. 'Yata, na'urar za ta ƙi?"

Yarinyar ta dubi maigidanta, ta dubi Kawu. "Ba za ta ƙi ba, Baba."

Katin ya fito da ɗumi. Ta miƙa masa, mai hoto ya ɗaga kyamara. Kawu ya juya shi gaba da baya, ya shafa lambar da babban yatsa. Daƙiƙa nawa aka yi ana buga shi? Ba su kai goma ba. Ya ajiye shi a kan tebur a hankali, ya tura mata.

"Riƙe abinki. Na gode."

Na kama hannunsa na ce, "Kawu, karɓi mana. Naka ne. Wa ya fi ka cancanta?"

"Zulma, a wane littafi?"

Ya taɓa aljihunsa na hagu ya ji kwalinsa na nan, ya sa hularsa, muka fita. Brizuela na kiran sunansa a bayanmu, bai waiga ba.

An buga wasan farko a watan Maris. Wani da aka saka cikin kayan soso mai siffar bulo shi ya riƙe tuta yana rawa. Ni ma sun ba wani kamfanin abinci wurina, yanzu a bakin titi nake suya, a wajen katanga. Ina jin ihu idan an ci, ban san wa ya ci ba, ban kuma tambaya.

Kujerar kam na ɗauko ta. Ban roƙi kowa ba, na kife bokitin na ɗora ta a ka na fita ta babbar ƙofa da rana tsaka, duk mai magana ya zo ya same ni. Na kankare fentin da ya ɗiga mata na kai wa Kawu. Ya ajiye ta a barandarsa. Ba ya zama a kanta, ba ya barin kowa ya zauna. Nasa wurin wani tsohon akwatin lemo ne da ya ajiye a bayanta.

Ranar Lahadi, lokacin da ake fara wasa, makabarta yake zuwa da ƙwaryar mate ɗinsa. Sau ɗaya na bi shi don in kai masa rigar sanyi. Na tarar yana tsaye gaban kabarin, hannu a aljihu.

"To ka ci, mugu," yake cewa. "Da ka yi haƙuri ka mutu a Disamba kamar mutumin kirki, da yanzu ba wannan maganar ake ba. Kullum sai ka ɓata wa mutum lissafi."

Ya zuba ruwan zafi ya tsotsa, ya ɗan miƙa ƙwaryar gaba kamar yadda ya saba, sannan ya dawo da ita.

Na ba shi rigar. Ya ce in duba masa ledar katin ko ta huje, don kwanan nan yana ganin kamar lambar na dusashewa. Na duba. Ledar lafiyarta ƙalau, kuma biyun na nan baƙi ƙirin.