Sunan da Inna Ta Kasa Kira

Ranar Asabar ta ƙarshe kafin Kirsimeti, shekarar da nake aji uku na firamare, Inna ta ɗauke ni daga Samaru zuwa kasuwar Sabon Gari don a gwada mini takalmi. Kasuwa ta cika maƙil, masu kura sai ihu suke a ba su hanya. Na tsaya kallon wata 'yar tsana, hannuna ya zame daga nata. Tsoro ya kama ni, na lallaɓa bayan buhunan garin rogo a rumfar wata mata Ibo, na tsuguna.

Ni ce 'yar fari, Inna kuwa mutuniyar ƙauyen Bomo ce ta gaske, ba ta wasa da kunyar ɗan fari. Sunana Rifkatu, amma ban taɓa jin sa a bakinta ba. In surfe ne ko ɗebo ruwa a famfo, "Ke!" kawai zan ji. In tana hira da maƙwabta, ni ce "yarinyar nan". Ƙannena Saratu da Bulus kuwa har waƙa take musu da sunayensu tana shafa musu mai. Abin yana ci mini rai ƙwarai. Ina ganin matan malaman jami'a suna rungume 'ya'yansu a ƙofar makaranta, ni ko na zo ta ɗaya sai Inna ta kau da kai ta ce in je in tsince shinkafa. Na kai ƙara wurin Baba, ya yi dariya ya ce haka tasa uwar ta yi masa, ga shi bai mutu ba. Ni dai na yanke a raina cewa matar nan ba ta ƙaunata.

Ina tsugune na jiyo muryarta tana "Ke! Ke!" Na hango ta ta tsakanin buhuna, kallabi ya zame, ba ta ma sani ba. Har na yunƙura zan fito, taurin kaina ya zaunar da ni. Na ce yau ko ta kira sunana ko mu kwana a nan. Ta bi layin ta dawo, ta sake bi, duk yarinyar da ke kasuwar tana waiwayowa ban da ni. Mai rumfar, wadda ba ta san ina bayan kayanta ba, ta tare ta da gurguwar Hausa: "Mama, faɗa sunan yaro, mu taya ki kira."

Inna ta buɗe baki. Na ga leɓenta ya motsa, amma ko sauti bai fito ba. Sai ta kwatanta tsayina da hannu, ta ce ina da wushirya da tabon ƙuna a gwiwa, ba na amsa wa baƙo, kuma ban ci komai ba tun safe. Tana faɗa hawaye na zuba. Ƙafafuna sun yi tsami, ni na kasa fitowa, ita ta kasa faɗa. Sai da na ga ta zauna dirshan a ƙasa, mutane sun kewaye ta, sannan na fito ina jiran duka. Ta kwance mayafinta ta goya ni, gandamemiya da ni, ta nufi tasha. Wata tsohuwa ta ce ai wannan ta wuce goyo, Inna ta ce ba ni da lafiya ne. Takalmin da ba a saya ba ke nan.

Yanzu ina unguwar Hanwa da nawa iyalin. 'Yar farina, sunanta nake kira daga safe har dare, har da na shagwaɓa, da ƙyar take ɗago kai daga waya. Inna ta rasu ba ta taɓa furta nawa ba, kuma har yau wani lokaci ina jin haushin hakan. Masu kiran Rifkatu sun yi yawa, a coci da wurin aiki. Mai lura da cewa ban ci komai ba tun safe ne babu.