Fuskar Kaka a Kan Kek

Kafin ta taɓa waya sai ta goge yatsunta a gefen zani, ko da babu gari a jikinsu. Da gani a gida take gasa kek, ga tabon ƙuna a wuyan hannunta. Tana zaune a shagon buga hoto, tana kallon hoton da masu oda suka turo: kakarsu ce, suna so a ɗora hotonta a kan kek.

"Mama, a buga?" in ji mai shagon. "Yanzu haka ake yayi."

"Ɗan nan, fuskar tsohuwa za a sa wa wuƙa?"

Ta san in ta ƙi, wata za su kai wa aikin. Ta fara rubuta musu saƙo da yatsa ɗaya. Ta kai "Ku yi haƙuri," ta tsaya, ta kife wayar a cinya.